Murhun Gas na Ɗumama Gida da Batun Mai Gida Ya Sauya Shi da Kansa

Murhun gas na ɗumama gida, wanda a Turancin Amurka ake kira fanis, na'ura ce mai ƙona gas ta gasa iska, fanka kuma ta tura iskar mai ɗumi zuwa ɗakuna ta wasu hanyoyi na kwano da aka bi da su ta cikin bango da ƙarƙashin daɓe. Ba a ɗora masa tukunya, ba a kuma ganin wutarsa daga waje. Akwati ne na ƙarfe da tsayinsa bai cika wuce ƙugun babban mutum ba, ana girke shi a ɗakin ƙarƙashin ƙasa, ko saman silin, ko gareji, ko wani lungu da aka ware masa. A Amurka da Kanada ya fi yawa. Kusan rabin gidajen Amurka da gas suke ɗumama ɗakunansu, mafi yawansu kuma da irin wannan murhu. A Ingila da galibin Turai tukunyar dafa ruwa aka fi sani, inda ruwan zafi ke zagaya gida a cikin bututu maimakon iska.

A waɗannan ƙasashe ɗumin gida batu ne na rai da dukiya. A birnin Winnipeg na Kanada matsakaicin sanyin watan Janairu ya kai wajen digiri 16 ƙasa da sifili, kuma gidan da murhunsa ya mutu a irin wannan lokaci, kafin a ankara ruwan famfo ya daskare ya fasa bututu. Murhu yakan yi shekara 15 zuwa 20 kafin ya gaji, kuma ya fi mutuwa a daren da sanyi ya fi tsanani, don a nan ne ya fi shan aiki. Kuɗin girka sabo dubban daloli ne, kaso mai tsoka daga ciki na aikin hannu ne. Wannan ne ke sa mai gida da ya iya riƙe sifana ya fara lissafin ya sayo akwatin ta intanet ya ɗaura da kansa.

Asali

Kafin gas, da kwal ake ɗumama gidajen arewacin Amurka. Murhun wancan zamani ƙato ne mai cin rabin ɗakin ƙarƙashin ƙasa, ba shi da fanka, iska mai zafi ke hawa da kanta ta manyan bututu da suka bazu ko'ina, har aka yi masa laƙabi da sunan wata halittar teku mai hannuwa takwas. A 1895 Dave Lennox ya fara ƙera murhu da farantin ƙarfe a garin Marshalltown na jihar Iowa, maimakon narkakken ƙarfen zubi da ke tsagewa yana sakin hayaƙi cikin gida. Ranar 23 ga Disamba 1919 wata Ba'amurkiya baƙar fata mai suna Alice H. Parker, daga Morristown a jihar New Jersey, ta sami takardar mallakar fasaha a kan zanen murhu mai amfani da gas, mai kawunan wuta da dama waɗanda za a iya sarrafa kowanne dabam. Fankar lantarki ta shigo a shekarun 1930. Amma gas bai ture kwal ba sai bayan Yaƙin Duniya na Biyu, lokacin da dogayen bututu suka haɗa rijiyoyin Teksas da biranen gabas. Wasu biyu da aka shimfiɗa don mai a lokacin yaƙin an mayar da su na gas a 1947.

Tsadar makamashi ta shekarun 1970 ta juya hankali zuwa ga tattali. Ana auna ingancin murhu da wani ƙiyasi na shekara da ake taƙaitawa AFUE, wato kaso nawa na gas ɗin da aka biya ya zama ɗumi a cikin gida, nawa kuma ya bi hayaƙi. Tsofaffin murhu suna tsakanin kashi 56 zuwa 70 cikin ɗari. Dokar Amurka ta 1987 ta sa mafi ƙarancin inganci ya zama kashi 78 daga 1992, aka ɗaga shi zuwa 80 a 2015. Kanada ta riga ta gaba: kashi 90 daga ƙarshen 2009, kashi 95 daga 2019.

Yadda yake aiki

Komai yana farawa daga ma'aunin zafi da ke manne a bangon falo. Idan ɗaki ya yi sanyi fiye da yadda aka saita, sai ya aika da ƙaramar wuta mai ƙarfin bolt 24 zuwa allon da ke sarrafa murhun. Allon ba ya buɗe gas nan take. Yakan fara tayar da wata ƙaramar fanka mai jan hayaƙi, wadda ke share duk wani guntun gas da ya kwana a ciki. Wani makunni mai jin matsin iska ne ke tabbatar da cewa fankar na ja kuma bututun hayaƙi bai toshe ba. Sai wata 'yar sanda ta yi ja wur kamar garwashi, bawul ya buɗe, gas ya fito ta ƙananan huji ya kama da wuta. A cikin 'yan daƙiƙu dole wata sandar ƙarfe da ke tsaye a cikin harshen wutar ta shaida wa allon cewa wuta ta kama. In ba ta shaida ba, bawul ya rufe.

Wutar tana shiga cikin jerin bututan ƙarfe masu lanƙwasa, waɗanda su ne zuciyar murhun. Ana kiransu bututan musayar zafi. Hayaƙi na bi ta cikinsu ya fita waje, iskar gida kuma babbar fanka na busa ta a bayansu ta kwashi zafi ta wuce ɗakuna. Fatar ƙarfen nan, wadda ba ta da wani kauri, ita kaɗai ce tsakanin hayaƙi da iskar da mutanen gida ke shaƙa. Akwai kuma makunnai na kariya da ke kashe wuta idan zafi ya wuce kima ko harshen wuta ya dawo baya.

Murhu iri biyu ne a kasuwa, kuma bambancinsu shi ne kan gaba a batun sauyi. Mai kashi 80 yana fitar da hayaƙi mai zafin gaske, don haka da bututun ƙarfe ko ginannen bututun hayaƙi ake kai shi saman rufi. Mai kashi 90 zuwa 98 yana da bututan musayar zafi na biyu, inda hayaƙin ke hucewa har tururin da ke cikinsa ya koma ruwa. Hayaƙinsa bai fi ɗumin ruwan wanka ba, shi ya sa ake fitar da shi da bututun roba ta gefen bango. Ruwan da yake zubarwa kuwa mai tsami ne, yana cin ƙarfe da siminti, kuma babban murhu kan zubar da wajen lita uku a awa guda yana aiki.

Mutuwa da suma

Yawancin murhun da ake cewa ya mutu suma ya yi. Sandar da ke jin wuta takan yi datti, sai murhu ya kama ya mutu bayan 'yan daƙiƙu, ya sake gwadawa, daga bisani ya kulle kansa. Goge ta kawai ake yi. Sandar kunna wuta takan tsage bayan 'yan shekaru, kuɗinta kuma bai taka kara ya karya ba. Matatar iska da ta toshe da ƙura tana hana iska wucewa, zafi ya taru, makunnin kariya ya kashe wuta. Ƙanƙara ko sheƙar tsuntsu a bakin bututun hayaƙi, toshewar tiyon zubar da ruwa, fiyus da ya ƙone a kan allo, har batirin ma'aunin bango da ya ƙare, kowannensu na iya tsayar da gida cikin sanyi. Allon murhun zamani yana da 'yar fitila mai ƙyaftawa, adadin ƙyaftawar kuma yana nuna inda matsalar take, fassararsa na manne a bayan ƙofar murhun.

Mutuwa ta gaskiya ita ce tsagewar bututan musayar zafi. Shekara da shekaru ƙarfen na buɗewa da zafi yana tsukewa da sanyi, har ya gaji ya tsage, ko tsatsa ta huda shi. Idan ma'aikacin kamfanin gas ko mai gyara ya ga haka, a wurare da yawa yakan rufe gas ya rataya jar takarda a jikin murhun, alamar kada a kunna. Ana iya sauya bututan kaɗai, sai dai aikin na bukatar a warware murhun kusan gaba ɗaya, kuma a tsohon murhu lissafin ba ya fita.

A nan ne kuma rashin yarda ke shigowa, domin mai gida ba ya iya ganin tsagar da idonsa, wanda ya ce ya gani kuwa shi ne mai sayar da sabo. Zargin yana da tushe a tarihi. Kamfanin Holland Furnace na jihar Michigan, wanda ya taɓa zama cikin manyan masu sayar da murhu a Amurka, wakilansa kan shiga gida da sunan masu binciken lafiyar na'ura, su wargaza murhu, sannan su ƙi mayar da shi da hujjar wai zai kashe mutanen gida. Hukumar kula da ciniki ta tarayya ta umarci kamfanin ya daina a 1958, bai daina ba, a 1965 kotu ta ci shi tara ta kuma yanke wa shugabansa wata shida a kurkuku. Har yau shawarar da aka fi ba mai gida ita ce ya nemi a nuna masa tsagar, ko da kyamarar da ake zurawa ciki, ya kuma kira wani mai gyaran na dabam ya duba kafin ya sa hannu a takarda.

Abin da doka ta ce

Babu doka ɗaya da ta game Amurka. Ƙa'idojin fasaha suna cikin kundaye biyu, NFPA 54 da kundin gas na ƙasa da ƙasa, amma jiha ko ƙaramar hukuma ce ke zaɓar wanda za ta bi da wanda za ta ba izinin aiki. A wurare da yawa mai gida na iya karɓar takardar izini ya yi aikin a gidan da shi kansa yake zaune, da sharaɗin jami'in bincike ya zo ya duba. Wannan sassauci ba ya shafar gidan haya ko bene mai iyalai da yawa. A jihar Massachusetts sai mai lasisi ke taɓa bututun gas, haka ma a birnin Niyu Yok. A Kanada kundin CSA B149.1 ake bi, larduna kuma ke ba da lasisi. A Ontario hukumar TSSA ce ke tantance masu aikin gas.

Ingila ma tana da nata labarin a kan tantance masu aikin gas. Ranar 16 ga Mayu 1968 gas ya fashe a wani ɗaki na benen Ronan Point mai hawa 22 a gabashin Landan, kusurwar ginin ta rufta, mutum huɗu suka mutu. Bincike ya gano wani noti marar inganci a mahaɗar kukar girki. Bayan shekara biyu aka kafa rajistar masu aikin gas mai suna CORGI, wadda Gas Safe Register ta gada a 2009.

Akwai wata dokar Amurka da masu yin aikin da kansu kan manta da ita. A yawancin gidajen Amurka na'urar sanyaya iska da murhu fanka ɗaya suke amfani da ita, kuma sashen sanyayawar yana zaune ne a kan murhun. Idan sauyin ya kai ga buɗe bututun gas ɗin sanyi, dokar tarayya ta tsaftar iska ta ce sai mai takardar shaida daga hukumar kare muhalli. A gidajen da aka gina kafin 1980 kuma ana iya tarar da asbestos naɗe a jikin tsofaffin hanyoyin iska, wanda ƙurarsa ke jawo cutar huhu da sankara, cire shi ma aikin ƙwararru ne.

Aikin kansa

Cire tsohon akwati da tura sabo a gurbinsa shi ne mafi sauƙi a cikin aikin, mutum biyu masu ƙarfi sun ishe shi. Wahalar tana wurin awo, kuma awon farko ana yin sa ne tun kafin a sayi komai.

Ana faɗin ƙarfin murhu da wani awon yawan zafi da ake kira BTU a awa, na gidaje kuma suna tsakanin 40,000 da 120,000. Kuskuren da ya fi yawa shi ne a karanta lambar da ke jikin tsoho a sayo irinta. Lambar nan ta gas ɗin da murhu ke ci ce, ɗumin da yake bayarwa dabam. Tsoho mai 120,000 da ingancin kashi 65 yana ba gida 78,000 ne kacal. Sabo mai 80,000 da kashi 96 yana ba da 76,800, kusan daidai. Ga shi kuma tun asali magina sun saba saka wanda ya fi ƙarfin gida don gudun ƙorafi, kuma mai yiwuwa an sauya tagogi an toshe kafofin iska a cikin shekarun. Hanyar da aka yarda da ita ita ce lissafin zafin da gida ke zubarwa ɗaki bayan ɗaki, bisa littafin da ake kira Manual J na ƙungiyar ACCA, wanda ke duba faɗin bango, yawan tagogi, kaurin abin tare sanyi da yanayin garin. Murhun da ya fi ƙarfin gida yakan kama ya mutu, ya kama ya mutu, ɗakuna su ƙi yin ɗumi daidai, ƙarfen cikinsa kuma ya gaji da wuri. Wanda ya sayi babba don ya more, tsagewar da ta kashe tsohon yake gayyatowa.

Sai bututun hayaƙi, inda aka fi yin kuskuren da ke kisa. Wanda ya tashi daga murhu mai kashi 80 zuwa mai 95 ba zai yi amfani da tsohuwar hanya ba. Dole ya huda bango ya ja sabon bututun roba, mai faɗi da tsawo da yawan gwiwoyi daidai da jadawalin kamfani, ya kuma karkatar da shi kwatan inci a kowace ƙafa zuwa wajen murhun don ruwa ya gangaro maimakon ya kwanta ya toshe hanya. Bakin bututun yana da tazarar da doka ta sa daga taga, ƙofa, mitar gas da tsayin da ƙanƙara ke kaiwa. A Kanada ba kowane bututun roba aka yarda da shi ba, sai mai shaidar ULC S636. Sannan ga abin da masu sana'ar ke kira marainiyar tukunya. A gidaje da yawa murhu da tukunyar ruwan wanka bututun hayaƙi ɗaya suke bi. Idan murhu ya bar shi, tukunyar kaɗai ba ta da zafin da zai ɗumama wannan faffaɗan rami har hayaƙi ya hau, sai ya tsaya ya zama raɓa mai cin bulo, ko ya juyo cikin gida. Maganinsa a zura siririn bututun ƙarfe a cikin tsohon. Mai gida da hankalinsa ke kan sabon murhu yana iya gama komai daidai, ya bar guba na fitowa daga na'urar da bai ko taɓa ba.

Wuta ma tana numfashi. Kowane awo ɗaya na gas yana bukatar wajen awo goma na iska kafin ya ƙone sarai. Ƙa'ida ta ce murhun da ke jan iskarsa daga ɗaki yana bukatar sarari mai girman kubik ƙafa 50 ga kowane BTU 1,000. Mai 100,000 ke nan sai ɗaki mai ƙafa 25 tsawo, 25 faɗi, 8 tsayi, in ba haka ba a buɗe masa kafofin shan iska. A gareji ana ɗaga wurin wutar inci 18 daga ƙasa saboda tururin fetur da ke kwanciya a daɓe.

Haɗa bututun gas ya fi tsoratar da mutane, alhali ƙa'idojinsa a bayyane suke: bawul ɗin rufewa a cikin ƙafa shida daga murhu, ɗan gajeren bututu mai kallon ƙasa don tara datti, sabon tiyo maimakon tsoho, da gwada kowace mahaɗa da ruwan sabulu ko na'urar sansano gas. Abin da ido ba ya gani shi ne matsi. Gas ɗin bututu yana isa kawunan wuta da matsin da zai ɗaga ruwa inci 3.5 kacal, wanda bai kai kashi ɗaya cikin ɗari biyu na iskar tayar mota ba, kuma sai da manomita, wato na'urar auna matsi, ake saita shi. Gas ɗin tanki, wato furofen da gidajen karkara ke amfani da shi, ƙarfinsa ya ninka na bututu kusan sau biyu da rabi, matsinsa wajen inci 10, don haka yana bukatar ƙananan huji da sauyi a cikin bawul. Murhun da aka ƙera don gas ɗin bututu aka haɗa shi da tanki ba tare da wannan sauyi ba zai yi ta baƙin hayaƙi da guba. A garuruwan tudu irin Denver, mai tsayin ƙafa 5,280 daga teku, iska ba ta da kauri, ana rage wa murhu wuta da kusan kashi ɗaya cikin biyar, sai in littafin kamfanin ya faɗi wani adadi dabam. Ko wayar lantarki tana da nata tarko: idan aka juya wayoyin biyu ko aka bar ta ƙasa a sake, sandar jin wuta ba za ta yi aiki ba.

Ƙarshen aiki shi ne gwaji. Ana auna bambancin zafin iskar da ke shiga da mai fita a ga ko ya faɗa cikin iyakar da aka rubuta a jikin murhun, a daidaita gudun fanka, sannan a soka na'urar tantance hayaƙi a bututu. Ƙa'idar ƙera murhu ta haramta gubar kabon monoksaid da ke cikin hayaƙin ta wuce kashi 400 cikin miliyan, lafiyayyen murhu kuma yana ƙasa da haka nesa. Na'urar tana da tsada, ba ta cikin akwatin kayan aikin gida, kuma a nan ne aikin mai gida ya fi tsayawa. Murhu na iya kamawa, gida ya yi ɗumi, harshen wuta ya yi shuɗi mai kyau, alhali awon bai yi daidai ba.

Haɗari

Haɗari biyu ne, kuma wanda aka fi tsoro ba shi ya fi kisa ba. Gas ɗin bututu yana fashewa idan ya kai kashi 5 zuwa 15 cikin ɗari na iskar ɗaki. Asalinsa ba shi da wari. Warin ruɓaɓɓen ƙwai da ake ji wani sinadari ne da ake zuba masa da gangan, al'adar da ta zama doka bayan fashewar wata makaranta a New London ta jihar Teksas ranar 18 ga Maris 1937, inda kusan mutum 300 suka mutu, yawancinsu yara. Gas ɗin bututu ya fi iska sauƙi, yakan tashi sama. Furofen ya fi ta nauyi, yakan kwanta a ƙasa, abin da ya sa yoyonsa a ɗakin ƙarƙashin ƙasa ya fi muni.

Na biyun shi ne kabon monoksaid, iskar da ke fitowa idan wuta ba ta sami isasshiyar iska ba. Ba ta da launi, ba ta da wari, kuma jini na kama ta fiye da iskar numfashi sau 200 da ɗoriya. Alamunta ciwon kai, jiri, tashin zuciya da kasala, waɗanda a lokacin sanyi kowa zai ɗauka mura ce. Mai barci kuwa ba ya farkawa. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ce fiye da mutum 400 ke mutuwa da ita duk shekara a ƙasar ba tare da gobara ba, fiye da 100,000 kuma ake kaiwa sashen gaggawa. Mai karatu a ƙasar Hausa ya san wannan guba ta wata fuskar: ita ce ta kaskon gawayi a rufaffen ɗaki da hunturu, ita ce kuma ta janaretan da aka shigar cikin gida don gudun ɓarawo. Ƙararrawar da ake mannawa a bango don gano ta tana ceton rai, amma an tsara ta ne ta yi jinkiri a ƙananan adadi: a kashi 70 cikin miliyan tana iya ɗaukar awa ɗaya zuwa huɗu kafin ta yi kuka. Ita ma tana tsufa, bayan shekara biyar zuwa goma sai a sauya ta.

Garanti, inshora da lissafin riba

Manyan kamfanoni irin su Carrier, Trane da Lennox ta hannun dillalansu masu lasisi suke sayarwa. Abin da mai gida ya fi samu a intanet shi ne irin su Goodman, wanda kamfanin Daikin na Japan ya saya a 2012. Garantin da aka saba bayarwa shekara goma ne a kan kayan gyara, shekara ashirin ko fiye a kan bututan musayar zafi, amma galibi da sharaɗin mai lasisi ne ya girka kuma an yi rajista cikin wata biyu ko uku. Kamfanin inshora na iya yin gardama a kan biyan diyya idan gobara ta tashi daga aikin da ba shi da takardar izini, kuma ranar sayar da gida mai duba gini zai tambayi takardar. Masu gyara da yawa ma ba sa son taɓa murhun da ba su san wanda ya haɗa shi ba.

Da wannan, hukuncin da ya fi dacewa bai da wuyar faɗi. Sauya matata duk wata ɗaya zuwa uku, goge sandar jin wuta, share bakin bututu, sauya ma'aunin bango, duk aikin mai gida ne, kuma su ne ke tayar da yawancin murhun da suka suma. Sauya murhu sukutum kuwa ya dace ne da wanda dokar garinsa ta ba shi dama, ya karɓi izini, yana da manomita da na'urar tantance hayaƙi ko wanda zai zo da su, kuma iri ɗaya yake sauyawa da iri ɗaya. Wasu kan bi tsaka-tsaki: su cire tsohon, su yi aikin kwano da share wuri, su bar gas, bututun hayaƙi da kunnawar farko ga mai lasisi. Wanda murhunsa ya mutu da tsakar sanyi, hitar lantarki a ɗaki ɗaya da barin famfo yana ɗiga kaɗan sun isa su saya masa kwana biyu na neman farashi. Kunna tandun girki ko shigo da gawayi don ɗumama ɗaki na cikin abubuwan da ke kisa a irin wannan dare.

Kasuwar ma tana sauyawa. A 2022 da 2023 na'urar lantarki mai janyo zafi daga waje, wadda take kamar na'urar sanyaya ɗaki da aka juya aikinta, ta fi murhun gas ciniki a Amurka. A ƙarshen 2023 kuma ma'aikatar makamashi ta ƙasar ta fitar da ƙa'idar da ta ce murhun gas na cikin gida da za a ƙera daga Disamba 2028 sai ya kai kashi 95, kamfanonin gas suka garzaya kotu. Idan ƙa'idar ta tsaya yadda aka tsara ta, murhu mai kashi 80 zai ɓace daga kasuwa, kuma duk mai tsohon bututun ƙarfe da murhunsa ya mutu bayan wannan lokaci sai ya huda bango, ya ja tiyon ruwa, ya kuma san yadda zai yi da tukunyar ruwan wankansa.